Azumin Ango a Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da satin da na tuƙa surukaina zuwa bakin teku ba, kuma ko na so mantawa dangin matata ba za su bari ba. A waya nake rubuta wannan, cikin tube, jirgin ƙasan London, tsakanin Stratford da wurin aiki, don haka in kun ga ina sauri ku yi haƙuri.

Bari in fara da motar. Baban matata ya yi shekara talatin da wani abu yana haɗa magani a asibiti a nan London, Mama kuma midwife ce, wato ungozoma. Kusan tare suka yi ritaya. Kowa ya ɗauka Kano za su koma, su gina gida mai baranda su zauna suna karɓar gaisuwa. Sai Baba ya je ya sayo motorhome. Mota ce mai gado da kicin da wani ɗan banɗaki wanda in ka shiga da gaba sai dai ka fito da baya. Kada ka kuskura ka ce mata caravan a gabansa, zai zaunar da kai ya yi maka bayanin bambancin. Mama kuwa akwatin Alhaji take ce mata. Layinsu na Edmonton babu inda za ta tsaya, a wani fili can bayan gari ake ajiye ta, duk Asabar Baba ya hau bas ya je ya goge ta. Shirinsu shi ne su bi gefen teku daga Kent har Portsmouth, su ga gari, su kuma gaida 'yan uwan da yanzu sai a waya ko wurin jana'iza ake haɗuwa.

Ana saura 'yan kwanaki aka yi wa Baba aikin ido, likita ya ce banda tuƙi tukuna. Matata Hafsat ce za ta ja motar, ni kuma in zauna a gefe da laptop ina aikina. Ana gobe tafiya aka yi cancel ɗin leave ɗinta a asibitin da take aiki. Ta dube ni. Na ce ba matsala, zan kai su (baki ne ya faɗa, ciki bai san an yi ba).

To ga inda matsalar take. Ni kakata ce ta raine ni a Zariya, cikin gari. A gidanmu namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa min, gani na yi. Na ga ƙanin babana, mutum da gemunsa da 'ya'ya shida, ya cusa ƙosai mai zafi a aljihun riga saboda surukinsa ya yi sallama a zaure. Wata biyar da aurenmu ban taɓa sa loma a gidan Edmonton ba. Yau in ce yanzu na ci, gobe in ce a zuba min in tafi da shi, jibi in ce ana kirana daga office in fita waje da waya a kunne. Hafsat ta sha faɗa min iyayenta sun ajiye wannan al'adar tun kafin a haife ta. Kaina ya yarda. Maƙogwaro ne ya ƙi.

Ranar Litinin muka tashi, farkon Yuli, gari garau. Tuƙin ya yi daɗi fiye da yadda na zata, in ka cire yadda Baba ke taka birkin da babu shi a gefensa duk sanda babbar mota ta matso. Wajen ɗaya da rabi muka isa Whitstable, na yi parking muna fuskantar ruwa. Teku ya janye, ƙananan jiragen kamun kifi duk sun kwanta a gefe cikin taɓo. Muka yi azahar, Mama ta kunna gas ta ɗumama dafa-duka da kaza, ta jera faranti uku a kan tebur. Teburin nan, in mutum uku suka zauna sai gwiwoyinsu sun gaisa. Na duba dabaruna ɗaya bayan ɗaya. Ba damar in ce yanzu na ci, tun takwas muna tare. Ba damar in ce zan tafi da shi, ina zan tafi?

"Ango, matso mana," in ji Mama. (Har yau Ango suke ce min, ina ga ko jika na yi ba zai canja ba.)

Na ce, "Mama ai ina azumi. Na Litinin."

Ni da na ci sandwich na ƙwai na kora da coffee a tashar Stratford da safen nan.

Baba ya ajiye cokali, ya dube ni ta saman gilashi. Ya ce masha Allah, a wannan doguwar ranar? Don rana ba ta faɗuwa sai tara da kwata. Suka ci abincinsu da sauri kamar masu laifi, Mama har tana ba ni haƙurin ƙamshin. Ni kuma na koma kujerar gaba ina kallon teku da fuskar mutumin da duniya ba ta dame shi ba. Da muka tsaya shan mai na shiga shago na sayi crisps da chocolate, na cinye a tsaye a bayan gini kusa da kwandon shara.

Da magariba a campsite kusa da Margate, Mama ta kawo dabino da kunun gyaɗa da sauran kazar. Na ci dabino ɗaya, na ce zan ƙarasa a tantina saboda akwai 'yan addu'o'in da nake yi. (Dama tanti na kafa a gefen motar, don kwana ɗaki ɗaya da surukai wannan ko a mafarki.) Suka ce to, Allah ya karɓa. Na zauna a tanti na cinye komai ina jin daɗin wayona. Na ce gobe Talata, azumi ya ƙare, zan samo wata hanyar.

Da safe na tarar da Baba a kujerar ninkewa yana duba waya. Ko gaisuwa ban gama ba ya ce, "Na gano ka."

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Jiya sha biyu ga watan Musulunci, yau sha uku. Wato ka haɗa Litinin da fararen kwanaki, har Alhamis ke nan. Hajiya, kin ga yaran da aka raina a gida?"

Fararen kwanaki su ne kwana ukun tsakiyar wata da ake son a azumta. Ni a ranar ko watan da muke ciki ban sani ba. Na ce eh Baba, haka ne. Mama ta riga ta soya ƙwai, ina kallo ta kwashe nawa ta ƙara wa Baba.

Ranar muka bi ta Dover. Muka tsaya a saman wasu fararen duwatsu masu tsayi a bakin teku, iska na neman ɗauke mayafin Mama, Baba na nuna mana wani dishi-dishi can nesa yana cewa Faransa ce. Na yi musu hoto ya fi talatin, a kowanne sai ya tabbatar motar ta fito. Da la'asar muka isa Hastings gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda suka yi shekara huɗu ba su ga juna ba. Suka yi kuka kaɗan, suka yi dariya da yawa. Kafin ta ba mu ruwa Baba ya ja ta zuwa motar ya zagaya da ita, ya buɗe kowace durowa, ya nuna mata yadda tebur ke komawa gado. Da aka zo cin abinci Mama ce ta yi min magana, ta ce a ƙyale Ango, kwana huɗu ya ɗauka a jere. Gwaggo ta riƙe baki. Ta ce ita tunda ta zo ƙasar nan ba ta ga saurayi mai irin wannan ba, sannan ta roƙe ni in sa ta a addu'a saboda ciwon gwiwarta, tunda bakin mai azumi ne. Na ɗaga hannu na yi mata, da ɓurɓushin biskit a turamen haƙorina.

Ban san Mama ta ɗauke ni hoto ina kallon ruwa ba sai da na gan shi a group ɗin family, ta rubuta a ƙasa, Angonmu Allah ya karɓa. Amin ta yi ta sauka. Sai saƙon Hafsat ya shigo daban: "Azumi? Kai?" Na ce zan yi mata bayani. Ta ce ba ita za a yi wa ba, in gaya musu gaskiya yau kafin abin ya fi haka girma. Na ce to. Ban faɗa ba.

Da yamma muna zaune a wajen motar Baba ya ce shi ma gobe zai ɗauka. Mama ta ce bai isa ba. Yana da ciwon suga, yana shan magani safe da yamma, ga zafi, ga awa goma sha takwas. Ya ce shekara talatin yana ba mutane maganin nan, ya san yadda zai tsara abinsa. Ya ce kunya ce ta ishe shi, yaro na tuƙi da azumi shi yana gefe yana ɓare gyaɗa. Suka ja maganar a hankali, irin ta mutanen da suka daɗe tare, ba mai ɗaga murya, ba kuma mai janyewa.

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana, kuma wallahi na buɗe baki. Sai Baba ya dafa kafaɗata. Ya ce lokacin da Hafsat ta kawo ni hankalinsa bai kwanta ba, don bai san gidanmu ba, kuma a garin nan kowa yana iya zuwa ya ce shi wane ne. Ya ce amma yanzu ya gani da idonsa. Na mayar da bakina na rufe. Mama ta tattara kofuna, da ta zo wucewa ta gefena ta ce a hankali, "Ka lura min da shi gobe."

Sai na yanke shawarar da nake ganin ta masu hankali ce: tunda ba zan iya janye ƙaryar ba, bari in mayar da ita gaskiya. Na ɗaura niyya ta gaske. Na sa alarm na sahur. Ban ji shi ba. Su kuma ba su tashe ni ba, wai sun ɗauka ni na saba.

Laraba muka bi ta Eastbourne da Brighton. Da safe Baba garau, yana karanta sunayen garuruwa a allon hanya yana ba mu tarihin da ban tabbatar akwai shi ba. Wajen sha biyu ya rage magana. Wajen ɗaya ya daina taka birkinsa, abin da ya fi komai tayar min da hankali ke nan. Mama ta matso daga baya ta soki yatsansa ta auna suga, ta ce yana sauka, gara ya haƙura. Ya ce in Ango ya kai, shi ma zai kai. Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon titi. Kaina na sara saboda rashin coffee, cikina na kuka, ga kuma wannan. Na ce a raina in mun tsaya zan faɗa. Muka tsaya sallah, na ce in mun isa zan faɗa.

Ƙarfe uku saura muka isa Southsea, gefen Portsmouth. Kawu Bala, ƙanin Mama, yana jiranmu a wani car park a bakin ruwa, shi da matarsa da wasu abokansa biyu da ya gayyato musamman su ga motar. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mai azumi. Baba ya ga sababbin baƙi sai ƙarfi ya ɗan dawo masa, ya tasa su gaba zuwa ciki. Ni kuma tun da na buɗe ƙofa iska ta kawo min wani ƙamshi daga wani ɗan shago a tsallaken titi. Kifi ne da chips na dankali, ana tsamo su daga mai. Na ce bari in duba tayoyi.

Ba zan yi muku ƙarya ba (na yi wadda ta ishe ni a satin nan), ban yi wata doguwar gardama da zuciyata ba. Minti goma na dawo da ƙunshi a takarda, an zuba gishiri da vinegar. Na tsaya na yi nazari kamar injiniya. Gefen dama akwai taga, gefen hagu akwai taga da ƙofa, gaba gilashi ne gaba ɗaya. Baya ne kawai babu taga. Na zagaya, na tsuguna tsakanin motar da wata 'yar katanga, na buɗe takardar a kan gwiwa. Lomar farko har lumshe ido na yi.

Abin da ke faruwa a ciki, matar Kawu ce ta ba ni labari daga baya, kuma ta ba ni shi ya fi sau biyar. Baba ya gama da durowoyi, ya gama da gado, ya zauna a kujerar direba ya ce yanzu zai nuna musu abin da ya fi burge shi a motar. Ya ce duk tsawonta, ko kyanwa ce a bayanta zai gani. Ya murɗa makulli, ya sa ribas. Screen ya kawo. Mutum shida suka sunkuyo.

Ni dai fitilu farare na ga sun kama a gefen fuskata, wani abu ya fara ƙara ɗit ɗit ɗit. Na ɗauka motar ce za ta taho ta kaina. Na miƙe zumbur, kuma abin da na fara ceta shi ne kifin, na ɗaga shi sama da hannu biyu. Ina ɗaga kai muka haɗa ido da wani ɗan baƙin gilashin kyamara a saman ƙofar baya, wanda kwana uku ina amfani da shi ina parking. Chips biyu na leƙe a bakina.

An ce a ciki Kawu Bala ya gyara murya ya ce, "Alhaji, wannan da shi aka sayar maka da motar, ko daga baya aka saka?"

Ƙarar ta tsaya. Na ji an buɗe ƙofa. Mama ce ta fara zagayowa. Ta dubi kifin, ta dube ni. Ta juya ta ce, "Alhaji, limaminka ya sallame. Karɓi lemon nan ka sha."

Baba ya sauko a hankali ya zauna a matakalar motar. Ta sa masa tsinke a kwalin lemo ta miƙa masa. Da ya karɓa na ga hannunsa na rawa kaɗan. Har lokacin kunyar da nake ji ta wanda aka kama ce. Da na ga hannun nan sai ta koma wata iri, wadda ba ta da daɗin bayarwa a labari. Na ajiye kifin a kan katanga, na durƙusa a gabansa na faɗi komai, tun daga sandwich ɗin Stratford har biskit ɗin Hastings, har ƙosan ƙanin babana. Baƙin Kawu suka juya suna kallon wani jirgin ruwa da ke wucewa kamar ba su taɓa ganin jirgi ba.

Baba ya shanye lemon tas kafin ya yi magana. Ya ce na Litinin fa? Na ce babu. Na Talata? Babu. Na yau? Na ce na yau na gaske ne, har uku da minti goma.

"To na yau sai ka rama. Ni ma zan rama nawa." Ya ajiye kwalin lemon. "Da hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu."

Kawu ya tambaya ko a kira Gwaggo Asabe a gaya mata ta nemi wani ya sake yi wa gwiwar addu'a. Aka yi dariya, har Baba. Mama ce kawai ba ta yi ba. Ta ce wata biyar tana tsammani girkinta ne ba na so. Ta rage daddawa, ta canja mai, har ta tambayi Hafsat ko mutanen Zariya ba sa cin yaji ne. Ta ce duk ranar da na ce a zuba min in tafi da shi, ɗauka take a bola yake ƙarewa. Ni da ke lashe robar a flat kafin Hafsat ta cire takalmi. Na faɗa mata haka. Ta ce ba baki take so ba, ido take so ya gani.

Ta ɗauki ƙunshin kifin daga kan katanga, ta shiga ta juye a faranti, ta ƙara shinkafa da miya a gefe. Ta nuna min teburin. Na zauna. Baba ya zauna a gabana da nasa farantin, gwiwarsa na taɓa tawa. Kawu da matarsa suka tsaya a bakin ƙofa kamar shaidu. Lomar farko ta daɗe a hanya, na ji duk inda ta bi. Ta biyu ta fi sauƙi. Wajen ta biyar Baba ya miƙo hannu ya ɗebi chips a farantina ya ce gishirin ya yi yawa, ya sake ɗiba. Mama ta sake auna shi bayan rabin awa, ta ce ya dawo daidai, sai a lokacin na ji kafaɗuna sun sauko.

Da yamma muka fita tafiya a bakin ruwa, ni da Baba a baya, sauran a gaba. Duwatsu ne ƙanana a wurin, ba yashi ba, kowane taku sai ka ji ƙara. Muka yi nisa. Can ya ce maganar da ya faɗa min jiya bai janye ta ba. Ya yi taku uku. Ya ce amma ya rage kaɗan.

Hafsat kuwa da na kira ta, dariya ta yi har aka leƙo daga ward aka tambaya ko lafiya.

Kwana huɗu muka ƙara a hanya, sau uku a rana ina zaune a teburin nan, na dawo London wando ya matse ni. Kunya dai ban ce a yar da ita ba, har gobe ba na iya miƙe ƙafa a gaban Baba. Abin da na koya ƙarami ne: in har ka rasa abin yi sai ƙarya, to kada ka zaɓi irin wadda mutanen kirki za su ji sha'awa su ce bari su taya ka.